Inna Ta Tafi Duba Tukunya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, da keken ɗinkin nan naki da ba ya barin kowa ya yi barcin rana. Ni ma lafiya lau, sai 'yar mura da ta riƙe ni kwana biyu ta sake ni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A waya kullum kati na ci, keke na ƙara, ke kina ihu, kafin a gama gaisuwa an yanke. Kuma gaskiya kaina ya gaji da harshen mutanen nan. Idan na zauna ina rubuta Hausa sai in ji kamar na cire matsattsen takalmi.

Har yanzu gadajen marasa lafiya nake turawa daga hawa zuwa hawa. Ni da na yi shekaru ina ɗaukar hoton ƙashi a asibitinmu, yau idan na kai majiyyaci ƙofar ɗakin hoto sai in tsaya a waje kamar ɗan aike. Sun ce takarduna sun yi, hannuna ya yi, bakina ne bai yi ba. Sai na ci jarrabawar magana za a ba ni aikina na gaskiya, kuma sai da wannan aikin ake samun hutun da zai ishi mutum ya zo gida. Don haka na shiga ajin yamma, a wani ɗaki da ke saman ɗakin karatu na unguwarmu. Maƙwabcina a benci wani mai gasa burodi ne, kullum yana zuwa da gari a gira, shi ma baƙo ne irina. Malamarmu kuwa wata 'yar siririya ce, tana koya mana tana kuma bincike a kanmu don karatunta na jami'a. Mun zama ɓerayen gwaji da tsufanmu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Lahadi da kika miƙa wa Inna waya, na ce ina wuni, ta ce lafiya. Na ce ya ƙafa, ta ce da sauƙi. Na ce kin ga hoton da na aiko, ta ce to. Daga nan sai shiru. Ina jin numfashinta, kati na tafiya, na ce Inna kina ji na? Sai muryarki na ji. Shekara huɗu ke nan haka muke yi, tun ranar da na bar gida. Ni ne fa autan, wanda kuke cewa an shagwaɓa. Idan fushi take yi da ni, ki fito ki gaya mini, ba yaro ba ne ni. Abin yana ci mini rai ƙwarai, har na yanke shawara ba zan ƙara takura mata da waya ba. Ki dai riƙa gaishe mini da ita.

Ƙaninki,
Auta

Auta sarkin gaggawa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, yara suka yi ta rububin cire kan sarki. Duk muna lafiya. Maigidan yana gaishe ka, ya ce a tambaye ka ko ka yi ƙiba. Inna ƙafar ce dai, idan ta daɗe a zaune sai an ba ta hannu.

Wai kai ne bakinka bai yi ba? Allah mai iko. Kai da Baba, Allah ya jiƙansa, yake cewa da surutu noma ne da ka ciyar da layinmu duka. Na yi dariya har allura ta soke ni.

Na zauna na karanta wa Inna takardar tun daga sallama har ƙasa, sai layin nan naka na ba za ka ƙara takura mata ba, shi na tsallake. Ban ga amfaninsa ba, kuma ban yafe maka shi ba tukuna. Ta saurara, hannu a haɓa. Da na gama ba ta ce komai ba, ta dafa bango ta miƙe ta tafi duba tukunya. Ko wuta kuwa ban kunna ba a lokacin.

Ka tuna gidanmu na kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa? Ka tuna ranar da ka shigo da gudu da takardar makarantar kwana, kana ta tsalle kana cewa Inna in je ko in zauna, ta ce bari ta duba tukunya? Har muka mai da shi abin tsokana. Duk wanda aka yi wa tambaya mai wuya a cikinmu sai ɗayan ya raɗa masa, tafi ka duba tukunya. Makon jiya na bi ta layin zan kai ɗinki. An rushe tankin ruwan nan da kuke hawa, amma mangwaron ƙofarmu na nan, wasu yara ne yanzu ke jifansa. Na tsaya ina kallo kamar wata sakarya, har idona ya cika.

Halinta ne, Auta, tun kafin a haife ka. Kada ka ɗora wa kanka abin da ba haka ba. Ina da kayan 'yan makaranta jibge a gabana, zan tsaya nan. Ka ba ni labarin ajin naku.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki ce wa maigidan ƙiba sai a gida, nan mutum tafiyar ƙafa kawai yake yi a dogayen barandu.

"Ba ta ce komai ba." Layin nan na karanta shi a mota, na karanta shi a ɗakin canza kaya, na sake karanta shi ina shan shayi har ya huce. Kin ce halinta ne. Amma Inna ba bebiya ba ce. Matar da za ta tsaya da mai tumatir ta yi ciniki har ya roƙe ta ta tafi? Matar da ta wanke ni tas a gaban abokaina don na bar famfo a buɗe? Bakinta na aiki idan ta ga dama. A kaina ne kawai yake mutuwa.

Ke ai kina wurin ranar da na tafi. Na ɓoye mata maganar tafiyar don ba na son in ga kukanta, sai da mota ta tsaya a ƙofa na durƙusa na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "To," ta shige kicin. Na tsaya da jaka a hannu, direba na ta danna hon, har na haƙura na fita. Ko Allah ya kiyaye hanya ban samu ba. Wannan "to" ɗin ita ce guzurina, har yau ban gama cinye ta ba.

Bari in ba ki dariya tun da kin tambayi aji. Malama ta raba mu gida biyu. Ta ba kowa takarda mai hotuna a jere: wasu iyali suna ƙaura, motar kayansu ta lalace a hanya, ruwa ya sauko a kan katifu. Aikin shi ne ka ba da labarin da bakinka a gaban 'yar na'urar ɗaukar murya. Su Mai Burodi aka ba su minti goma su shirya, har da takardar da za su ɗan yi rubutu, amma sai an karɓe ta kafin su fara. Mu kuwa ana miƙo maka hoton ana danna na'urar. Yaya, ga katifa ina gani da idona, na san sunanta, jiya-jiya na haddace shi, amma ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, mutum, mota, ruwa, babu kyau. Gumi har cikin safa.

Shi kuwa Mai Burodi, wanda ko hanyar tasha ba ya iya tambaya, ya buɗe baki kamar rediyo. Har da cewa matar ta ji haushin mijin saboda tun farko ta ce a bari sai gobe. A ina matar ta faɗi haka a cikin hoto? Na ce wa Malama wannan zalunci ne tsagwaro. Ta yi murmushi ta ce in kwantar da hankalina, wani makon za a juya.

A gaida yara.
Auta

Yaya,

Ina fatan lafiya ce. Wata ya mutu, wani ya kama, ga shi har ya raba, ban ga amsarki ba. Na kira waya, maigidanki ya ɗauka ya ce kin fita, na sake kira ya ce kin fita, da murya irin ta wanda aka ba hadda. Ke ma kin tafi duba tukunya ne? Idan maganar da na yi a kan Inna ce ta ɓata miki rai har kuka haɗa kai, to, na ji. Dama an ce wanda ya yi nisa ba ya jin kira, ban san shi ma ba a jin nasa ba.

Auta

Auta,

Sallama da gaisuwa. Takardunka biyu na tsince su tare a ƙarƙashin ƙofar shago, sun sha ƙura. Ta biyun a tsaye na karanta ta, kuma ka gode wa Allah kunnenka na nesa da hannuna.

Ba tukunya na tafi dubawa ba, asibiti muka tare. Inna ta faɗi wata safiya a bakin famfo, jininta ya hau, ɓangarenta na dama ya yi nauyi. Kada hankalinka ya tashi, mun dawo gida, hannun ya fara kama kofi, tana takawa da sanda. Ni na hana maigidan ya gaya maka, don duk lokacin da na ambaci sunanka a asibiti sai ta girgiza kai ta nuna baki, na gane jarrabawarka take nufi.

Amma akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Da ta farfaɗo, da harshen garinsu ta farfaɗo, ba da Hausa ba. Ma'aikatan jinya suka tsaya suna kallona, ni kuma na shiga tono ɗan abin da na tsinta a bakinta ina ƙarama. Hausar tana dawowa, amma da kaɗan-kaɗan: ruwa, sannu, to, kawo. Likita ya ce hakan na faruwa, harshen da aka sha a nono shi ya fi riƙo, na bayansa yakan dawo idan ana amfani da shi, wani lokaci kuma ya yi ta zamewa. Ban faɗa don in tsorata ka ba. Amma idan kana da magana da uwarka, ka daina ajiye ta sai wata rana.

Sai kuma layin nan da ka riƙe kamar shaidar kotu. Da na ce ba ta ce komai ba, ranar nake nufi. Washegari da hantsi, na riga na kai takardar gidan waya, sai ga ta ta leƙo shago ta ce, "Ki ce masa tura gado ba abin kunya ba ne, wanda ke kwance a kai ya san darajar mai turawa. Kuma ya riƙa rufe wuyansa." Tiryan-tiryan ta faɗe shi babu gargada, ta juya abinta. Na bar shi sai takarda ta gaba, sai wannan ya faru.

Ka yi mata addu'a, ka kuma rage yanke hukunci daga nesa.

Yayarka

Yayata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma Allah ya saka miki. Takardata ta ƙarshe ki kunna murhu da ita. Na je wurin shugabar sashenmu na nemi hutu, ta ce idan na tafi yanzu ba ni da wurin dawowa. Na fito na zauna a matakala na daɗe ban san ina zaune ba.

Ina so in gaya miki wani abu da ya hana ni sukuni tun kafin takardarki ta zo. An juya a aji kamar yadda Malama ta ce, ni ma aka ba ni minti goma. Wannan karon wata mata ce ta manta jakarta a jirgin ƙasa. Na zauna na tsara inda zan fara da inda zan sauka, na lalubo kalmomin tun kafin su ɓuya. Da aka danna na'ura na yi ta zuba, har na ƙirƙiro wa matar ƙanwa mai jiranta a tasha.

Bayan ta gama tattara aikinta, Malama ta riƙa kiran mu ɗaya-ɗaya tana kunna wa kowa muryoyinsa biyu. Ta ce abin da ta gani a ajinmu shi ne, idan an ba mutum lokacin shiri maganarsa takan gudana, jimlolinsa su yi tsawo, ya shiga su "saboda" da "ko da yake" da "da na sani". Kurakurai kam ba su cika raguwa ba, ni nawa ma ƙaruwa suka yi don na yi ƙarfin halin shiga ruwa mai zurfi. Idan kuwa ba a ba shi lokaci ba, sai ya rungumi gajerun kalmomin da ya tabbata ba za su kunyata shi ba. Ta ce, "Kai ne a duka biyun. Na farkon ba daƙiƙi ba ne, ba kuma mai girman kai ba ne, lokaci ne ba a ba shi ba."

Ta kunna na farkon. Kalma ɗaya, shiru, kalma ɗaya, shiru, a tsakani kuma mutum yana numfashi. Yaya, na san numfashin nan. Shi nake ji a waya duk Lahadi.

Sai na tuna wani tsoho da nake turawa kullum. Maganar aiki ba ta ba ni wuya, ɗaga ƙafa, riƙe nan, mun iso, duk suna bakina kamar cinikin tumatir. Amma ranar da ya kama hannuna ya ce matarsa ta rasu, "sannu" kawai na iya cewa, na gudu ɗakin ajiye zannuwan gado na tsaya ina haɗa abin da zan faɗa masa. Kafin in fito an mai da shi wani hawa. Allah kaɗai ya san irin mutumin da ya ɗauke ni.

Ga kuma takardarki da "washegari da hantsi". Ni na tashi na tarar Inna na Hausa, ban taɓa kallonta a matsayin baƙuwa a cikinta ba. Ke kin riga ni ganin rana. Don Allah ki gaya mini, me Inna take yi a gaban tukunya?

Ƙaninki,
Auta

Ɗan Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Jikin Inna da sauƙi, jiya har ta tsinci shinkafa da hannun daman, rabi a faranti rabi a ƙasa, kaji suka yi ta sa mata albarka.

Sai yanzu ka yi tambayar da ta kamata, bayan ka tara gemu. Lokacin da Baba ya auro Inna daga tashar nan mai nisa da aka taɓa tura shi aiki, gaisuwa kawai ta iya. Ni na girme ka da kusan shekara goma, na riski lokacin da Hausarta ke ɗingishi, har ni take turawa in amsa sallama. Wata rana mijin maƙwabciyarmu ya rasu, ta kama hannuna muka shiga ta'aziyya. Matar tana da kirki gare ta, Inna ta so ta faɗi magana mai yawa, sai maganar ta sarƙe mata, ta fara ta nan ta faɗo ta can. Na ga mata suna rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Aka shekara ana kwaikwayonta a bakin famfo. Da muka dawo gida ta wuce kicin ta tsaya a gaban tukunya. Tun daga ranar ban ƙara jin ta faɗi magana mai nauyi ba tare da ta fara zuwa can ba. Ina leƙa ta ina ƙarama, ludayi na juyawa, leɓenta na motsi, tana jera magana tana warwarewa tana sake jerawa.

Baba ne kawai ya gane. Ka tuna da safe yana ɗaure igiyar takalmin aiki yakan ce, "Ki duba mana maganar makarantar yaron nan," ya ɗauki kekensa ya fita bai jira amsa ba? Da yamma bayan ya sha shayi sai ta zauna ta kawo masa ita cikakkiya, da dalilanta, wani lokaci su yi ta musu har su ɓuge da dariya. Kamar yadda ake kawo mini yadi da safe a dawo karɓa da yamma. Mu muna ɗauka wasansu ne na miji da mata. Tun da ya rasu babu wanda ya sake bar mata tambaya ya tafi. Dukkanmu a tsaye muke son ɗinkinmu, har ni da ke zaune da ita.

Ranar da ka tafi, ina jin motarku ba ta wuce kwanar kantin magani ba ta fito tana goge hannu da gefen zane. Ta dubi ƙofa ta ce, "Ina yake?" Na ce ya tafi. Na ce Inna gaya mini in isar masa, ta ce, "Tasa ce." Ni na ɗauka tuni ta faɗa maka a waya, don ina miƙa mata nake komawa kan keke. Sai da na karanta takardarka ta ƙarshe na haɗa biyu da biyu. Duk Asabar tukunyar gidan nan tana shan dubawa fiye da kullum. Ranar Lahadi kuma sai ka zo da ya ƙafa, kin ci abinci, kin ga hoto, kina ji na, ka watsa mata kayan da ta kwana tana jerawa.

Yanzu shirin nata ya fi na da tsawo, kalmomin na zame mata kamar sabulu. Ban sani ba ko maganar tana nan gaba ɗayanta. Abin ya dame ni, Auta, ba zan yi maka ƙarya ba.

Yayarka

Yaya,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Ba zan tsawaita ba don ina so wannan ta kama jakar wasiƙun gobe. Ki karanta wa Inna abin da ke ƙasa a hankali, sau biyu idan ta kama, kada ki tsallake ko layi ɗaya, kada kuma ki jira ta ce komai.

Inna, ni ne Auta. Ranar Lahadin ƙarshen wata zan kira bayan la'asar. Ba zan tambaye ki ƙafa ba, ba zan tambaye ki abinci ba. Maganar nan da kika fito da ita daga kicin ranar da na tafi, ita zan zo karɓa. Ki duba mana ita.

Ke kuma Yaya, ranar ki ba keken nan hutu.

Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, wuyana a rufe yake kamar yadda aka umarta. Kin ce ranar kin miƙa mata waya kin kwashe yara kun koma shago, don haka ga abin da kika bari a baya.

Na sayi katin da ya fi kowanne girma a kantin. Na cire agogona na sa a aljihun tebur, don na san halina. Da na ji ta karɓa na ce, "Inna, ni ne," na kama bakina.

Shiru. Numfashin nan ya zo. Can na ji an ajiye wayar a kan tebur, na ji sandarta ƙwas, ƙwas tana nisa, na ji ƙarar murfi. Yaya, "kina ji na" ta zo mini har bakin haƙora, sai da na ciji matashin kai. Ta taga ina kallon wata mata tana shanya kaya a benen da ke fuskantarmu, har ta gama ta shige Inna ba ta dawo ba. Zuciyata ta ce shi ke nan, maganar ta zube mata a hanya, na zo a makare. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan.

Sai ga sandar tana dawowa. Ta ɗauki wayar ta gyara murya. A hankali take faɗa, tana ajiye kowace kalma kafin ta ɗauko ta gaba.

"Auta. Ban yi fushi ba. Ni ma haka na bar uwata, tana ƙofa, jirgi yana kuka. Na ce zan koma. Ban koma ba. Kai ka dawo, ko sau ɗaya."

Ta tsaya. Wata kalma ta garinsu ta faɗo mata, ta ce a'a, ta mai da ita, ta sake laluba. Ban taya ta ba. Sannan ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Shekara huɗu ina wannan ƙasa, sai ranar na ji na iso. Na ce amin. Ina shirin fara surutuna sai ta ce, "Tsaya. Wannan ta da ce. Akwai sabuwa." Na sake kama bakina.

Ta ce, "A can, idan bakinka ya yi nauyi, akwai mai jiranka?"

Ni da aka ce da surutu noma ne da na ciyar da layi, kuma da Hausata ta gado aka tambaye ni, na buɗe baki babu ko kalma ɗaya. Na tuna Malama, na tuna Mai Burodi, na tuna tsohon nan da aka canza wa hawa, na rasa ta inda zan kama. Abin da ya fito shi ne, "Inna, bari in duba tukunya."

Ta yi dariya, Yaya. Irin dariyar nan ta yamma a gidan kwatas, wadda take yi har da tari. Rabona da jin ta tun Baba na da rai.

Jarrabawa wata mai zuwa ce, sun ce suna ba da ɗan lokacin shiri kafin a fara, zai ishe ni in sha Allahu. Idan na ci, ki fara gyara mini ɗakin baya. Amsar Inna kuwa ina kan dubawa, ki ce mata Lahadi zan kawo. Ba na jin za ta ƙosa, don da ta gama dariyar ta share murya ta ce mini, "Je ka duba. Ina nan."

Na riƙe wayar, ta riƙe, har katin ya ƙare.

Ƙaninki,
Auta